Rijiyar Kufai da Takun Makaho

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara, kuma ranar sha ɗaya ga wata injin foraj, mai jawo mana ruwa daga ƙasa, ya tsaya. Kwana biyu kacal ya yi kafin mai gyara ya zo daga Magarya a kan moto, amma da ka ga yadda matan garin nan suka tada hankali, sai ka ce duniya ce za ta tashi. Bido, wato jarkokin ruwa, a jere tun daga gindin shato, babban tankin gari, har ƙofar lakwal inda yara ke boko, wannan na zagin wannan a kan layi, duk da azumi a baki. Ni kuwa ina zaune ƙofar ɗakina ina ta dariya ni kaɗai. Matar ɗana ta ce, "Inna, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, wani azumi na tuna, wanda ya zo a irin wannan zafin, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce.

Ni ba 'yar garin nan ba ce. Daga wajen Kwaya aka kawo ni, kuma tun a gidanmu an san ni da tambaya. Babana har cewa yake bakina ya riga ƙafata fara tafiya. To, ranar da aka kawo ni, na ji sunan garin Tsamiyar Bawa, sai na yi ta leƙe ta ƙarƙashin mayafi ina neman tsamiya. Na ga gawo, na ga kuka biyu, na ga dalbejiya a ƙofar masallaci. Tsamiya ko ɗaya babu. Kwana bakwai na daure. Ran na takwas na kasa, na tambayi kakar mijina, Iya Kande, wadda ɗakinta ke kallon nawa.

"Iya, wai ina tsamiyar?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Shekara hamsin ana kawo amare gidan nan, ba wadda ta taɓa tambaya. Zauna, 'yar Kwaya."

Daga ranar sunana ke nan a bakinta, kuma daga bakinta na san garin. Ta ce inda muke zaune yanzu, wannan tudun yashin, da can gonar gyaɗa ce. Garin asali yana gabas, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi a shanye ba, a gangaren da ke sauka zuwa kwari mai goruba. Bawa maharbi ne, ya fito daga wajen Daura da ƙannensa biyu, suka yada zango a gindin wata tsamiya, farauta ta yi musu daɗi, suka ƙi komawa. Daga baya ayarin fatake suka riƙa kwana a wurin, aka samu maƙeri, aka samu marina. Iya tana budurwa gobara ta cinye garin a yini ɗaya, sai mutane suka hau tudu, suka haƙa sabuwar rijiya, suka taho da sunan garin suka bar itacen. Shi ya sa har yau akwai gonar da ake ce wa Maƙera ba maƙeri, da wadda ake ce wa Zango ba ko jaki. Tsohon wurin kuwa kufai muke ce masa. Tsamiyar na nan tsaye, rabinta a ƙone.

Shekarata ta huɗu a gidan, ina goyon Sa'a, damina ta yi mana rowa. Tabkin kwari, wanda a kan sha da dabbobi har bayan girbi da wata uku, tun ana yankan gero ya tsage. Duk shanun gari da jakai da awaki suka dawo kan rijiyar nan ɗaya da muke sha. Kafin a ga watan azumi, guga ta fara dawowa da rabi. Ran biyar ga wata ta fara dawowa da laka.

Zafin shekarar, wallahi ban sake ganin irinsa ba. Da hantsi ƙasa ta riga ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito yana kallo, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da gumi. Tsarinmu kullum ɗaya ne. Da an sallame sallar asuba mata mu ɗau tulu da gammo mu tafi bakin rijiya, a jera tuluna, a zauna. Ba ja ake ba, jira ake. Sai ruwan ya tsattsafo ya taru, a zura ƙaramar guga a kwaso abin da bai fi ƙwarya ɗaya ba. In ka ci sa'a, kafin azahar ka samu tulu guda, ja kamar kunun kanwa. A kai gida a bar shi ya kwanta. Na sama na sha ne da buɗa baki, na tsakiya na tuwo, na ƙasa mai laka a ba awaki. Alwala kuwa an daina, kowa taimama yake. Sa'a da tsumma jiƙaƙƙe nake goge ta, kuma in na gama in matse tsumman a bakin ɗan akuya.

Da yamma kuma maza su kawo dabbobi, a nan ne ake faɗan. Bijimi ɗaya in ya sa baki yana shanye abin da gida biyu za su yini da shi. Maigidana, Malam Isa, yana da bijimai biyu na huɗa, su ne duk abin da babansa ya bar masa. Na ga ƙashin haƙarƙarinsu yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa ya daina magana da kowa, sai dai ya zauna yana kallonsu.

Ran takwas ga wata maigari ya tara magidanta a ƙofar masallaci. Malam ya dawo ya tsaya tsakar gida, bai ko zauna ba, ya ce an yanke magana. In har aka ga watan Salla ruwa bai samu ba, duk mai shanu zai kwashe iyalinsa ya koma kudu da Sassumbrum, inda ake da ruwa kusa. Mu muna cikin masu tafiya. Kuma kowa ya san irin wannan tafiyar, ba a cika dawowa ba.

Iya Kande tana zaune kan tabarma tana jan carbi. Lokacin ta haura tamanin, ba ta iya zuwa ko ƙofar gida sai da sanda.

"A sauka lafiya," ta ce.

"Iya, da ke za a tafi. A amalanke za a ɗora ki."

"A ɗora wa? Mijina yana nan bayan masallaci. 'Ya'yana shida suna nan, har da ubanka. Sai ni za a kai wata ƙasa a binne cikin baƙi? Ku bar mini tulu ɗaya ku yi tafiyarku."

Malam ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo liman. Ko gezau. Ni kuwa hankalina ya tashi ƙwarai, don na san halin mutanen biyu. Shi ba zai bar bijimansa su mutu ba, ita ba za ta hau amalanke da ranta ba. Kuma ina son tsohuwar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Washegari ta aika a kira mata maigari, ya zo har ƙofar ɗakinta ya durƙusa, don ta girmi uwarsa. Ta ce masa akwai rijiya a kufai. Yashi ne ya rufe ta bayan gobara, amma ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da ayari ke shayar da raƙuma a cikinta.

"Iya, kufai fa fili ne. A ina za mu haƙa?"

"Ka sa tsamiya a bayanka, ka fuskanci alƙibla. Taku ɗari biyu da arba'in."

"Kin tabbata?"

"Yadda na tabbata da sunana."

Da safe maza suka ɗunguma. Aka zaɓi Ɗan Tani mai haƙar rijiya ya yi takun, wani dogo ne kamar giginya. Ya taka ɗari biyu da arba'in, aka kafa itace, aka fara haƙa. Daga asuba zuwa hantsi suke aiki, su kwanta a inuwar tsamiya kamar gawarwaki, su tashi bayan la'asar. Suka yi rami tsayin mutum, farin yashi. Suka matsa dama suka yi wani, suka matsa hagu. Kwana shida, rami bakwai, ko tsingaron tulu ba su gani ba. Mutum biyu suka faɗi aka ɗauko su a jaki. Sai magana ta fara yawo a bakin rijiya cewa tsufa ya taɓa Iya, ta sa mutane wahala da azumi a banza. Malam ya fara ɗaure kaya. Ya sauke buhunan iri daga rumbu, ya ɗaure garma da igiya, ya ce in ware tukwanen da zan iya bari.

Ran sha shida ga wata, bayan azahar, ina yi wa Iya tsifa a inuwar ɗakinta. Ni kuwa wani abu yana ta cina a rai, ba ma don rijiyar ba, don dai ban gane ba. Na yi shekaru ina zuwa ɗiban ruwa, ban taɓa ƙirga takuna ba, kuma ban san macen da ta taɓa yi ba.

"Iya, wai ke me ya sa kike ƙirga taku? Yarinya da tulu a ka, ina ruwanta da lissafi?"

"Ni? Yo ni na ce miki ni ke ƙirgawa? Kakana ne, Baba Makaho. Kullum da hantsi sai na ja shi daga gindin tsamiya zuwa bakin rijiya, can yake zama yana tufkar igiyar guga. Yana tafe yana ƙirgawa da ƙarfi, wai ko ran da na yi aure ya kai kansa. Har a mafarki ina jin ƙirgan nan."

Hannuna ya tsaya a kanta.

"Iya, yaya yake tafiya?"

"Yaya makaho tsoho ke tafiya? Jan ƙafa yake, kamar mai neman allura a ƙasa."

Ban ƙarasa tsifar ba. Na tashi na cire ɗankwalina na ɗaure idona, na lalubi muciya na riƙe kamar sanda, na fara tafiya daga ƙofar ɗakinta zuwa turken awaki. Wurin da na saba yi da taku goma sha biyu, sai da na yi ashirin da ɗaya, kuma na yi karo da turmi. Ina cikin haka Malam ya shigo.

"Inna lillahi! Dije, rana ce ta taɓa ki?"

Na kwance idona na faɗa masa. Ya dubi ƙafata, ya dubi turken. Ya ce in ya je da wannan maganar gaban maza, dariya za su yi masa har jikokinsa. Na ce to, Malam, a yi dariyar mana, ai ba ta fi ɗaure kaya ciwo ba. Iya daga tabarmarta ta ce, "Kai dai ubanka ma haka yake, sai an tura shi." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari da hantsi aka ɗora Iya a jaki, abin da ta yarda da shi don gabas za a yi ba kudu ba. Rabonta da kufai ya fi shekara ashirin. Muna tafe tana nuna wurare da baki: nan gidan su wance, nan aka yi mata kitson Salla, can maƙera. Ni ban ga komai ba sai sabara da tumfafiya da tsohon karan gero. A gindin tsamiya aka tsaya ana muhawarar wa za a rufe wa ido. Kowa ya noƙe. Maigari ya ce wanda ya kawo magana shi zai taka. Aka naɗe wa Malam ido da rawanin liman, aka ba shi sanda. Sai Iya ta ce ai Baba ba shi kaɗai yake tafiya ba, jan sa ake, kuma mace ce ke jan sa.

Haka na kama bakin sanda na ja mijina a gaban duk mazan Tsamiyar Bawa. Kunya kamar in nutse. Ɗan Tani ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Malam Isa, ashe dama haka abin yake a gida?" Har Malam ya rasu abokan wasansa ba su daina ce masa Makahon Dije ba.

Iya na biye da mu a kan jaki, ita ke ƙirgawa, tana yi tana faɗa.

"Talatin da ɗaya. Kai, rage! Wa ya ce ka ɗaga ƙafa? Ja ta. Talatin da biyu. 'Yar Kwaya, kar ki yi sauri, tsoho kike ja."

Tun ana dariya har aka daina. Ba ka jin komai sai muryarta da shassheƙar jaki. Da ta ce ɗari biyu da arba'in muka tsaya. Na ɗaga kai na hango ramukan da maza suka haƙa can gaba, da nisa sosai, mun yi kaɗan fiye da rabin hanya. Inda muke tsaye wani ɗan lotsattsen wuri ne da kalgo ya rufe, wanda duk kwanakin nan ta gefensa suke wucewa. Ɗan Tani ya sa magirbi ya sara sau uku, ya tono tsingaro. Ya ƙara, wani tsingaron, da bakin tulu guda. Kafin azahar suka ci karo da itacen kirya na bakin rijiya, baƙi, a kwance, jikinsa duk zanen da igiya ta ci. Ɗan Tani ya sa yatsa a cikin zanen, daga nan bai ƙara tsokanar kowa ba.

Yasar rijiyar ta ɗauki kwana goma sha biyu. Mutum ɗaya ke sauka da igiya a ƙugu, ya cika kwando, a ja. Ba a barin kowa ya daɗe a ciki, don iskar ƙasan ba ta da kyau. Mu mata muka koma kwasar yashi muna zubarwa nesa, goyo a baya, leɓe a tsage. Zurfi ya kai gaba uku, gaba biyar, gaba bakwai, yashi busasshe. Ɗaya daga bijiman Malam ya kwanta, sai da aka sa itace aka ɗaga shi. Gida uku ba su jira ba, suka yi gaba. Ran ashirin da bakwai kwando ya fito da yashi mai sanyi, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, wasu na mannawa a goshi. Ran ashirin da tara, rana na tsaka, muka ji Ɗan Tani yana kabbara daga ƙasa. Ya fito wandonsa jiƙe har gwiwa.

Ga ruwa, ga ƙishirwa, ba halin sha. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ba wanda ya koma gida. Aka aika aka kwaso tsofaffi da tabarmi da ɗan abin buɗa baki, gari duka ya dawo kufai ya zauna yana kallon rana. Aka cika masaki aka ajiye a tsakiya ya kwanta, garau da shi, har kana ganin ƙasan masakin.

Da liman ya kira salla, aka ɗebo a ƙoƙo aka miƙa wa maigari. Ya ce a'a, a fara ba Iya. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismilla, ta shanye tas, ta goge baki. Maigari ya karɓi nasa ya kurɓa. Sai muka ga fuskarsa ta yamutse, ya juya gefe ya furzar.

"Kanwa!"

Na ɗanɗana. Kanwa ce zalla, mai ɗaci-ɗaci, tana kama harshe. Wata mata ta fashe da kuka. Ni kuwa na ji haushin kaina, don duk tambayata ban taɓa tambayar wane irin ruwa ne a ciki ba. Malam ya zo ya tsuguna gaban kakarsa.

"Iya, kin san haka take?"

"Tun ina goye."

"Shi ne ba ki faɗa ba? Kwana goma sha takwas muna haƙa!"

"Da na faɗa, wa zai haƙa da azumi a bakinsa? Kai tashi ka ba ni wuri. Su wa ke shanye muku rijiyar tudu, ku ko dabbobi? Je ka kawo bijiman nan."

Aka jawo su da ƙyar, aka zuba a komi. Na farkon ya sunsuna, ya yi huci, ya ɗaga kai. Ba wanda ya yi motsi. Sai ya mayar da baki ya nutsa shi har hanci, ɗayan ya ture shi ya sa nasa. Ana zubawa suna shanyewa, ana zubawa suna shanyewa, har cikinsu ya fito. Wani tsoho ya ce ai dama kanwa ake saya a kasuwa a ba shanu. Maigari ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce daga gobe ko akuya ba za ta ƙara sha a tudu ba, rijiyar can ta mutane ce, wannan ta dabbobi. Ya ce wanda ya ɗaure kaya ya kwance.

Bayan an yi magariba muka kamo hanyar gida da sauran haske, ni ke jan jakin Iya. Na yi ta cije bakina, amma hali ba ya barin mutum.

"Iya, da shanun sun ƙi sha fa?"

"Da kun yi tafiyarku," ta ce, "ni kuma in zauna in sha abina. Ai da shi aka yaye ni."

Damina biyu ta ƙara gani. Tana nan bayan masallaci, tsakanin mijinta da baban Malam.